Wanda Ya Ƙi Tashi

Takwarata Ummi ce ta sa na ɗauki biro. Ranar Juma'ar da ta wuce ta shigo gidan nan ko hijabin makaranta ba ta cire ba, ta tsaya a tsakar gida ta ce in ajiye tsintar shinkafa in saurara. An ba su aikin rubutu da Turanci a kan mutumin da ya fi burge su, ita kuma ni ta zaɓa, har malaminsu ya sa ta karanta a gaban aji. Na ce to, Allah Ya sa dai ba ta rubuta cewa ina minshari ba. Ta harare ni, ta buɗe littafi ta fara. Yarinyar ta iya, ba don jikata ce ba. Ta rubuta cewa a lokacin da kowa yake kwashe kayansa yana barin Anguwan Rukuba, kakarta ta ƙi tashi. Ta jero kalmomin nan da na yi shekara talatin ina rubuta wa yara a allo: she resisted, she opposed her in-laws, she defied fear, she bucked the trend. Da ta kai ƙarshe ta tsaya tana jiran yabo, ni kuwa faifan shinkafar ne ya yi mini nauyi a cinya. Na ce mata Turancin ya yi kyau, ban ƙara komai ba. Ta fita tana gunaguni, wai tsufa ya sa ba na murna da komai.

Aminu, Hauwa, Nafisa, ku nake rubuta wa. Shekaru masu yawa kun riƙe ni a zuci cewa taurin kaina ne ya zaunar da ku a unguwar nan, na ji, na haɗiye. Yanzu da gari ya lafa, sai kuka juya kuna ba 'ya'yanku labarina kamar wata jaruma. Zargin ban ƙi ɗaukarsa ba, don ni na ɗora wa kaina da bakina. Yabon nan ne ya hana ni sakewa, domin ba nawa ba ne, kuma mai shi yana kabari, ba zai zo ya karɓi abinsa ba.

Rikicin kun san shi, ba sai na tona ba. Abin da ba ku gani da idon manya ba shi ne abin da ya biyo baya, bayan an koma kasuwa ana gaisawa kamar ba komai. Ba wanda ya zo ya ce mu tashi. Sai dai kullum ka wayi gari ka ga a-kori-kura a ƙofar wani gida, an loda katifu da tukwane, awaki a ɗaure a sama suna kuka. Sayar da gida a lokacin asara ce, don mai saye ya san a matse kake, sai mutane suka fito da musaya. Musulmin da ke cikin Kiristoci ya nemi Kiristan da ke cikin Musulmi, a je a duba gidajen juna, a ƙirga ɗakuna, a leƙa rijiya, a ƙwanƙwasa kwanon rufi. In an daidaita a tafa a gaban mai unguwa, a sa rana, motoci biyu su yi kiciɓis a hanya, kowa ya kwana a ɗakin da ɗan'uwansa ya tashi. Har dillalai abin ya samu. A layinmu gidajen Musulmi sun kai goma, kafin damina ta tsaya saura uku, a masallacin bakin layi kuma babanku ne ladan, shi ne liman, wani lokaci shi ne mamu.

Ba sai na kwatanta muku babanku ba, amma ina so ku tuna shi kamar yadda yake a shekarar. Malam Sani tela, gajere, tef ɗin awo a wuya ko masallaci za shi, alli a bayan kunne. Mutum ne da idan mai ɗinki ta ɗaga murya sai ya ba ta haƙuri ko ita ce ta kawo yadin da bai isa ba. Idan ransa ya ɓaci in'ina take kama shi, shi ya sa ya gwammace shiru. Kowa a dangi ya san a gidan nan ni ce mai baki, ni ce 'yar boko, ni ce mai albashi, shi kuwa sai dai a ce bawan Allah. Kuma kun tuna al'adarsa: duk jajiberin Sallah, kafin ya ba ku sababbin kaya, sai ya jera ku a jikin katakon bakin ƙofar ɗakinmu, ya ɗora almakashi a kwance a kan kowa, ya ja layi da alli, ya bi shi da biro don kada ya goge. Aminu yana ɗaga dunduniya, Hauwa tana kai ƙararsa, Nafisa tana kuka wai ita ce kullum a ƙasa.

To ni ce na nemo musayar. Ni, ba wani ba. A makarantar da nake koyarwa akwai Malama Rifkatu mai koyar da lissafi, teburinmu ɗaya a ɗakin malamai, shekaru muna raba shayin fulas ɗaya da ƙosan bakin get. Gidansu yana Nasarawa Gwom, a layin da kusan duk Musulmi ne, mijinta Baba Dung kafinta ne da ya yi ƙuruciyarsa a aikin kuza a Bukuru. Wata rana a hutun ƙarfe tara muna zaune, ruwa yana dukan kwano har ba a jin magana sosai, ta matso ta kama hannuna.

"Malama Hajara, ni fa ban iya barci. Ko akuya ya taɓa get sai in tashi zaune. Ke fa?"

Na ce, "Ni takalman yara nake jerawa a bakin gado, don in an ce a gudu kada a tsaya nema."

Ta ce, "To me muke jira? Ɗaki huɗu ne namu, da rijiya. Naku fa?"

"Huɗu, da shago a gaba."

Muka dubi juna, muka yi dariyar da ba ta dariya ba. Matsalar ɗaya ce, mazanmu. Ta san nata ba zai ce yana jin tsoro ba, ni ma na san nawa ba zai motsa don kansa ba, amma zai motsa don wani. Sai muka shirya abin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa. Na koma gida na ce wa babanku Baba Dung ne ya matsu, ya rasa inda zai sa kansa, in muka karɓi gidansa taimakonsa muka yi. Ita kuma ta je ta faɗa wa mijinta haka a kan babanku. Malam ya daina taka keken ɗinki, ya ce in dai mutum yana cikin damuwa, ba a ƙi ba. Ban jira ya sake tunani ba. A satin na ɗaure kwanukan aurena a tsofaffin zannuwa, na zuba littattafaina a kwalaye, na aika wa yayansa Alhaji Garba cewa mun kusa dawowa cikin 'yan'uwa.

Ranar Asabar da hantsi muka je duba gidan. Tafiyar ƙafa ce, ba ta kai a hau mota ba, amma sai da muka ji kamar wata ƙasa muka shiga. Ni da Rifkatu muka wuce ciki muna aikin da ya kawo mu. Ta nuna mini inda kicin yake yoyo, na gaya mata rijiyarmu tana ja baya da bazara, ta ce za ta bar mini shukar yakuwarta, na ce zan bar mata murhun da Malam ya gina. Har mun fara rabon inda gadon kowa zai zauna. Da muka fito sai muka tarar mazan ba su ma shiga ɗakunan ba. Suna tsaye a bakin ƙofar falo, babanku ya cire tef daga wuya, ya durƙusa yana auna wani abu a jikin katako. Na matsa na duba. Layuka ne a jere, an yanka su da bakin wuƙa, kowane da harafi a gefe. Na gane su nan take, don ina da irinsu a gida.

Baba Dung yana cewa, "Kowane Kirsimeti ne ina yi. Wannan Davou, wannan Gyang. Ka ga Gyang ya wuce ni tun yana aji uku."

Babanku ya ɗora yatsa a kan wani jerin da ya hau ya hau, sannan ya tsaya a tsakiya, babu komai a samansa. Bai tambaya ba, ya dai ɗago kai.

"Kangyang ke nan," in ji Baba Dung. "Yarinya na. Zazzaɓi ne, kwana uku. Shekaransa tara."

Babanku ya sake miƙa tef daga ƙasa zuwa layin, ya duba, ya ce a hankali, "Tsayin Nafisata ke nan daidai."

"Ni kafinta ne, Oga tela, zan iya cire katakon in tafi da shi, minti goma ne. Amma in na kafa shi a wani gida, ba wurin da yarinyan ya tsaya ba ne. A nan ne ya tsaya." Ya buga ƙafarsa a siminti. "Amma ba komai. Tun da madam nawa ya ce kai ne ka matsu, ba ka barci, ni ba zan hana ka ba."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Rifkatu ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Babanku bai ko waiwayo ya dube ni ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan ya dube ni. Ya miƙe, ya naɗe tef ɗinsa a yatsu biyu kamar yadda ya saba.

"Baba Dung, ni kuma ce mini aka yi kai ne ka matsu. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, kana so ka tashi?"

"Ni? Ina zan je? Duk ƙofan da ke layin nan ni na yi."

"To ni ma ba... ba... ban tashi."

Suka tafa, irin tafawar da ake yi a gaban mai unguwa in an ƙulla musaya, su kuwa a kan an fasa. Ko ruwan da Rifkatu ta kawo ban sha ba.

A hanyar dawowa na yi masa ruwan magana. Ban bar komai ba. Na ce ya dubi 'ya'yansa, Aminu saurayi ne ɗan shekara goma sha shida, irinsu ake fara nema in abu ya tashi. Na ce layin alli a jikin katako ba zai tare kowa ba. Na ce kowa ya tashi, malamai sun tashi, alhazai masu kuɗi sun tashi, shi wane ne da zai fi su sani? Har na ce masa abin da ban taɓa faɗa ba, wai mutumin da ko mai ɗinki ba ya iya musa wa, yau shi ne zai yi jayayya da gari guda. Yana tafe yana kauce wa taɓo har muka iso ƙofar shago. A kan teburinsa akwai atamfar Zumuntar Mata ta cocin layinmu, an yanka an jera, rigunan da yake ɗinka musu duk shekara tun kafin a haifi Hauwa. Ya ɗora hannu a kai.

"Malama, rabin layin nan na san awonsu da ka. Na ɗinka musu na aure, na ɗinka na 'ya'yansu, wasu da ɗinkina aka binne su. In na loda mota na ce musu ke nan tsoronsu nake ji. Maƙwabciyarmu Mama Ladi ce ta yanke wa Aminu cibiya. Ki gaya mini da wane baki zan je in yi mata sallama."

Na ce, "In kuma wani abu ya sami yaran fa?"

In'ina ta riƙe shi kafin maganar ta fito. "Ban da amsa. Ni ma ina tsoro, wataƙila na fi ki. In kina so ki kwashe su ku koma wurin Yaya Alhaji, wallahi ba zan riƙe ki a zuci ba. Ni dai ina nan."

Ya zauna ya sa zare a allura, ya ci gaba da ɗinki. Ni kuma na shiga ciki na zauna a kan ƙullin kwanukana ina kuka, kukan haushi, ba na tausayi ba.

Ranar Litinin, kamar da gangan, darasin da ke gabana a aji biyar shi ne kalmomin ƙi da tsayawa. Na rubuta su a allo kamar kowace shekara, na yi bayani da Hausa yadda na saba don su zauna. Resist, a turo ka ka ƙi matsawa. Oppose, ka fito fili ka ce ba ka yarda ba. Defy, a ba ka umarni ka take shi ido na ganin ido. Withstand, abu ya sauko maka ya wuce ya bar ka a tsaye. Buck the trend, kowa ya yi gabas kai ka yi yamma. Ajin ya ragu, kujeru da yawa ba kowa, masu su sun bi a-kori-kura. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce in ba su misali da mutumin da na sani. Shekara da shekaru misali ba ya yi mini wuya, ranar kuwa na tsaya da alli a hannu na rasa ta cewa. Na ce kowa ya rubuta nasa a gida. Da yamma ina gyara littattafansu a tsakar gida, babanku ya zo wucewa ya leƙa, ya ce me waɗannan suke nufi. Kwana biyu ke nan ban yi masa magana ba, amma malanta ta fi ƙarfin fushi, na fassara masa ɗaya bayan ɗaya ina ɗaure fuska. Ya jinjina kai.

"Turawa da yawan magana. Duk wannan a kan mutum ya zauna a gidansa?"

Na so in ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mini.

Lahadin da ta biyo baya Yaya Alhaji ya zo, da la'asar, ana jin waƙa daga coci. Ku kun fi tuna shi da tsufa da laushi, wataƙila kun manta yadda yake a lokacin. Shi ya riƙe babanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya saya masa keken farko. Babanku ko zama a kujera ba ya yi in yana wurin. Ya ƙi shiga ɗaki, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ku uku kuna laɓe a bayan labule, na ga ƙafafunku. Ya ce ya ji an fasa, kuma ya rantse, in har Sani ne da kansa ya zaɓi zama cikin wasu ya bar 'yan'uwansa, to ya cire shi, ba shi ba shi, ko gawarsa kada Sani ya biyo. Sannan ya juyo kaina.

"Amma na san ba shi ba ne. Yaron nan bai taɓa musa mini ba tun yana rarrafe. Wannan aikinki ne, Hajara. Bokon nan da ya cika miki kai. Ko ba ke ba ce?"

Na dubi babanku. Yana durƙushe, bakinsa ya buɗe, yana ta fama da kalmar farko, "Ya... Ya... Yaya." Na san abin da zai faɗa, don bai iya ƙarya ba. Kuma na san in ya faɗa, ya rasa mutumin da yake gani a matsayin uba, rantsuwar Alhaji kuwa ba ta dawowa. Mace mai taurin kai ana zaginta a ci gaba da zumunci da mijinta, ana ma tausaya masa. Ban yi dogon tunani ba. Ina jin haushinsa har lokacin, amma ban iya kallonsa yana wannan fama ba.

Na ce, "Ni ce, Yaya. Makarantata ta fi kusa da nan, kuma ba na son gidan can. Shi ya so mu tashi, ni na ƙi."

Alhaji ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya ce wa babanku Allah Ya ba shi haƙurin zama da ni, sannan ya ce Aminu ya ɗauko kayansa, ba zai bar ɗan ƙaninsa namiji a nan ba saboda son zuciyar mace. Aminu, ka tuna yadda ka fito da jakarka ba ka dube ni ba. Na tuna ni ma. Bayan sun tafi babanku ya zo ya tsaya a kaina ya ce gobe zai je ya faɗi gaskiya. Na ce in ya je to ni ya mayar maƙaryaciya a gaban dangi, kuma Aminu ba zai dawo ba duk da haka, asara biyu ke nan. Na sa ya yi mini alkawari ba zai faɗa ba muddin Alhaji yana raye. A yammacin na kwance ƙullin kwanukana da hannuna, shi kuma yana karɓa yana jerawa a kabad.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi, kuma kada ku ɗauka duk unguwa ta rungume mu. An jefi kwanon rufinmu da duwatsu ba sau ɗaya ba, an yi rubutu a bangonmu da gawayi, babanku ya wanke da asuba kafin ku gani. Masu kawo ɗinkin Sallah daga cikin gari suka ɗauke ƙafa. A gidan biki in na shiga sai mata su yi shiru. Aminu ya yi shekara bakwai a gidan Alhaji yana jin ana cewa uwarsa ta zaɓi gida a kan ɗanta, in ya zo gaishe mu a tsaye yake gaisuwa. Hauwa, ke kuma matan gidan saurayinki na farko suka ce ba za su shigo da lefe Anguwan Rukuba ba, maganar ta mutu, kika yi wata uku ba ki ci abincin da na dafa ba. Na ji zafin wannan fiye da duwatsun. Amma kuma duk ranar da gari ya ɗauki zafi, Mama Ladi takan jawo bencinta ta dasa a ƙofarmu da faifan acca tana tsinta, matan Zumunta su zo ɗaya bayan ɗaya da nasu aikin, su cika ƙofar har a ji lafiya. Ba su taɓa cewa gadi suke yi ba, wai inuwar ƙofarmu ce ta fi daɗi. Baba Dung kuwa duk Asabar sai ya tako ya zauna a shago suna shan shayi. A gidansa ya rasu, maƙwabtansa Musulmi suna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin zuwa mota. Sai bayan haka Rifkatu ta koma wurin Gyang a Bukuru, kuma babanku ne ya je ya taya su cire katakon.

Ban ce muku babanku ya yi daidai ba ko bai yi ba. Da wani abu ya sami ɗayanku, da ban san irin rubutun da zan yi yau ba, shi ma ya san haka, kuma da saninsa ya kwana shekaru. Sau da yawa ya roƙe ni in sake shi daga alkawarin, musamman ranar da Aminu ya yi aure ya gaishe ni kamar baƙuwa. Na ce ya jira. Muka yi ta jira, sai Allah Ya ɗauki ƙanin kafin wan. A ciwonsa na ƙarshe ya ce mini, "Malama, na bar ki da kaya." Na ce ya yi shiru ya sha kununsa. Yaya Alhaji ne ya yi masa salla, yana kuka kamar yaro, yana cewa ƙaninsa bai taɓa saɓa masa ba. Na tsaya a bayan labule na ce alhamdu lillahi, ko wannan kaɗai ya ishe ni. Bara Alhaji ya bi shi, Allah Ya jiƙansu duka. Alkawari ya ƙare, ni ce dai na yi ta jan ƙafa, don yabon da kuka fara yi mini ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Aminu, na san wannan takarda za ta yi maka nauyi, don shekarun da ka yi kana fushi da ni ba za su dawo ba. Kada ka juya fushin kan babanka, kuma kada ka zo kana ba ni haƙuri, ni na zaɓa. Ka dai zo ka zauna ka ci tuwona a zaune. Ku gaya wa Ummi kalmominta duk daidai suke, kada ta goge ko ɗaya, sunan kawai za ta canza ta sa na kakanta.

Sau uku kuna turo mai fenti, sau uku ina hana shi taɓa katakon bakin ƙofar ɗakinmu, kuna cewa rigimar tsufa ce. In kun zo ku duba gefen hagu, ƙasa da layin Aminu na ƙarshe, ƙasa ma da na Hauwa. Akwai layi ɗaya da ba hannun babanku ya ja shi ba, shi ya sa ya karkace. Jajiberin Sallarsa ta ƙarshe ce, ya gama auna jikoki, na ce saura shi. Ya ce wane irin wasa ne wannan, tela ba a auna shi. Na ce ya tsaya. Ya cire hula ya jingina da katakon yana dariya, na ɗora almakashi a kansa na ja layin. Ban rubuta harafi a gefe ba, shi ya sa ba ku san na wane ne ba. Ku sa hannu ku taɓa shi. Iyakar tsayin mutumin da ya ƙi tashi ke nan. Ni uwarku, mai koyar da kalmomin, a lokacin kayana a ɗaure suke.